Kumandan Ya Tafi, Wa Zai Gaya Wa Doki?

Malam, sauke girar nan tukuna, ban ma fara ba. Na ga yadda ka taɓe baki da ka ji wai Kirista ne zai yi wa mutanen Kurfai magana a kan sakin abin da ya wuce da sabunta zuciya. Dariya biyu ce ke cinka, kuma duka biyun na san su. Ta farko: Kirista a Filinge? Su nawa ne? Ba sai ka kira mai lissafi ba. Ƙidayar 2012 ta nuna a Nijar duka ba mu kai mutum ɗaya cikin ɗari ba, a Kurfai kuwa in muka taru da 'ya'yanmu da baƙinmu, rago ɗaya zai ishe mu har a kai wa maƙwabta. Ranar sujadarmu ma Lahadi ce, ranar kasuwar Filinge, ranar kasuwar Baleyara. Muna rera waƙa jakuna na amsa mana daga waje, wani cikinmu ido a rufe yana addu'a, zuciyarsa na can wajen 'yan awaki tana taya tunkiya. Wannan dariyar na yafe maka ita, ka ga har na fara aiki da abin da nake wa'azi.

Ta biyun ce mai nauyi. Cewa kake, Kurfayawa su saki abin da ya wuce? Mutanen da suka kafa gari a bakin Dallol Boso, kogin da ya daina gudu tun dubban shekaru, kuma har yau ba su yi zuciya sun tashi ba? Mu da ba mu ƙirga shekaru da lamba sai da yunwa? Tsohuwa ba ta san 1931 ba, amma ta san shekarar fara, ta san wanda ya hana uwarta dusa a shekarar, ta san jikokinsa, ta san unguwar da suke zaune a Yamai. An yi 1973, an yi 1984, an yi 2005, kowace ta bar mana sunayen waɗanda suka buɗe rumbu da na waɗanda suka liƙe shi da laka. In ka ari igiyar guga a zamanin Diori Hamani ba ka mayar ba, kada ka ɗauka an manta. Ana jiran ranar da ɗanka zai zo neman aure.

To, ku zo ɗaya bayan ɗaya, kada ku taru mini a ka.

Alhaji mai shagon bakin tasha, da kai zan fara, don tun ɗazu kake shafa littafin bashi. Na san tsoronka. Gani kake duk maganar nan dabarar maciya bashi ce: mutum ya ɗauki buhun shinkafa da galan na mai, ya je a tsoma shi cikin ruwan baftisma, ya fito ya ce tsohon mutumin ya mutu, wanda ke tsaye gabanka sabo ne fil, bai taɓa ganinka ba. In wani ya yi maka haka, ka riƙe wuyan rigarsa, ni zan tsaya maka shaida. A Bisharar Luka, sura 19, akwai wani Zakka, shugaban masu karɓar haraji a Yariko, gajere, ɗan gari mai yi wa Romawa aiki, irin waɗanda suka karɓa wa Nasara lanho a nan suna ƙara nasu a kai. Shi ne ya hau ɓaure don ya hangi Yesu. Da zuciyarsa ta juya bai ce a yafi juna a tashi ba. Ya yi alkawarin raba rabin dukiyarsa ga matalauta, wanda duk ya zambata kuma zai mayar masa riɓi huɗu. Sai bayan wannan ne Yesu ya shaida ceto ya shiga gidan. Riɓi huɗu fa, Alhaji. Jika goma ta zama jika arba'in. Da duk waɗanda kake bi za su yi tuba irin ta Zakka, da kai da kanka za ka sayi lasifika ka ba fasto kyauta.

Ikon saki yana hannun wanda aka cuta. Wanda ya yi cutar, nasa aikin mayarwa ne. Mutumin da ya ci, ya lashe hannu, sannan ya zama shi ne mai yi wa mutane wa'azin a manta da baya, ɓarawo ne da ya iya magana, ko da wane suna aka raɗa masa.

Sai kai, ɗan lakwal mai tabarau, da ka dawo hutu daga Jami'ar Abdou Moumouni da kalmomi masu tsawo. Kai naka ya fi na Alhaji kaifi. Ka ce addinin Nasara ne: sun zo da bulala, da suka gama duka suka aiko wani ya ce mu yafe. Ba zan ce ƙarya kake ɗungum ba, akwai ƙasashen da mai bindiga da mai Littafi suka sauka daga jirgi ɗaya. Amma duba shekarun namu. Faransawa sun zauna a Filinge tun farkon shekarun 1900. 'Yan mishan na SIM sai 1924 suka shiga Damagaram, masu yaren Ingilishi da kumandodin Faransa ba su taɓa sakin jiki da su ba, Katolika kuma sai 1931 suka kafa mishan a Yamai. Bulalar da aka yi a Kurfai ba ta jira fasto ba.

Tunda tarihi kake so, zo mu yi na gida. A 1925, a Cikal, nan kusa da Filinge, wasu iskoki da ba a taɓa gani ba suka fara hawa kan wata mace mai suna Shibo. Ba iskokin daji ba ne, ba na ruwa ba. Iskokin bariki ne, gwamna da kaftin da kofur, suna tafiyar soja, suna sara wa juna, suna ba da oda, suna wasa da wuta ba ta ƙona su. Babule aka ce musu, aka kuma ce Hauka. Samari da 'yan mata suka bi ta, suka ƙi lanho, suka ƙi aikin dole, suka juya wa sarautar Gado Namalaya baya, shi da Faransawa ke tsaya wa. Ƙara ta kai Yamai wurin kumandan Horace Crocicchia. Ya sa aka kamo su aka kulle, aka yi ta dukansu don su faɗa da bakinsu babu wani abu wai shi Hauka. Ka san abin da ya biyo baya? Ba a daɗe ba sai ga sabon iska ya shigo jerin, mai zafin rai, mai ashar: Kumandan Mugu, wanda ake kuma kira Korsasi. Mutumin ya zo kashe iskoki, ya tashi ɗaya daga cikinsu. 'Yan ci-rani suka ɗauke shi har Kumasi da Akra, inda Jean Rouch ya ɗauki masu wasan a fim ɗinsa Les Maîtres fous na 1955, fim ɗin da ya ɓata wa Turawan Ingila rai har suka hana nuna shi a can.

Masana sun ce turjiya ce, na kuma yarda da su. Ni da nake zolayarku yau ɗan koyo ne. Babu zolayar da ta kai ta Shibo, a ɗauki mai mulkin ƙasa a mai da shi abin da ake kira da goge, ya zo ya yi tsalle-tsallensa, a sallame shi. Wanda ba shi da bindiga ya samu hanyar sa kumandan rawa.

Sai dai akwai wanda littattafan jami'a ba su cika tambayar lafiyarsa ba, shi ne doki. Wanda iska ya hau doki ake ce masa, kowa ya sani. Crocicchia ya bar Yamai, ya samu ƙarin girma, har gwamna ya yi a Gine, ya mutu tuntuni. Faransa ta sauke tuta a 1960. Shi bai ƙara zubar da gumi ko ɗigo a kan Kurfai ba. To wa ke kumfar baki? Wa ke faɗuwa ƙasa, ya wayi gari gaɓoɓinsa na ciwo? Jikan wanda aka daka.

Ba faɗa na zo yi da masu goge ba. Su aƙalla sun san sa'ad da abin ya hau da sa'ad da ya sauka, suna kuma da mai sallamarsa. Da mu nake, mu da ba mu taɓa taka filin wasa ba amma kowa da nasa kumandan. Na wani kawunsa ne da ya cinye gonar gado. Na wata kishiyar uwarta ce da ke auna mata tuwo da ido. Na wani mushen lakwal ne da ya kira shi jaki a gaban aji. Mutumin ya daɗe a kushewa, amma da an taɓa wurin sai murya ta sauya, ido ya kaɗa, ka ji ana zagin yaro da zagin da aka yi wa ubansa shekara arba'in da suka wuce, ko kalma ɗaya ba ta ɓace ba. Ka tambaye shi, ya ce ya riƙe abin ne don kada wanda ya cuce shi ya sha. Malam, ai ya sha tuntuni. Kai ne ke goye da shi zuwa gona, zuwa masallaci ko majami'a, har ɗakin matarka, kuma ko ingirici ba ya saya maka.

In Kirista ya ce a saki abin da ya wuce, sauke mahayin nan yake nufi. Ba wanda ya ce ka rantse ba a taɓa hawanka ba.

A nan hanyata da ta Malam ke rabuwa, ba kuwa zan ɓoye ba. Malam bai yarda an gicciye Annabi Isa ba, ni kuwa a kan gicciyen nan na kafa raina. Bar ni in faɗi nawa, in na gama ka zuba mini shayi ka faɗi naka. Luka ya ce Yesu na kan gungume ya roƙa wa masu kashe shi gafara, tun ba su nema ba, suna ma ƙasa suna kuri'a a kan tufafinsa. Yohanna kuma ya ce da ya tashi daga matattu tabon ƙusoshin na nan a hannuwansa, har ya kira Toma, sarkin masu shakka, kakanku ke nan ku duka, ya ce ya zo ya taɓa. Da mantuwa ake nufi da sabuntawa, ai da tabon aka fara shafewa. An bar shi a fili, mai shakka ma ya sa yatsa in yana so, amma ba ya jini, ba ya kuma ba kowa oda. Ba mu ce mutum da ƙarfin kansa yake kaiwa nan ba. Mun gaskata aikin Ruhun Allah ne, a hankali yake yi, sau da yawa sai an sake, yau ka sallami kumandan, gobe ka tarar da shi zaune a zaure yana jiran fura. Shi ya sa da Bitrus ya tambaya ko yafewa sau bakwai ta isa, aka ba shi lissafin da ba mai iya riƙewa da ka.

Kai kuma mai tabarau, kwantar da hankalinka, ba wanda ya hana ka rubuta kundin digirinka a kan Crocicchia. Rubuta, sa shekaru, sa sunaye, bi takardun har Dakar da Aix-en-Provence. Mu ma ba mu ɓoye namu ba. Sunan Bilatus, gwamnan da ya sa hannu a hukuncin, yana cikin shaidar bangaskiyar da ake karantawa a majami'u har yau. Fiye da shekara dubu ana kiran sunan wani kumandan kowace Lahadi, ba wanda ya yi kumfar baki.

Inna, ke ban zo miki da wasa ba. Na gan ki a gefe kin yi shiru, shirun da ya fi gardamar mazan nan duka nauyi. Ranar 2 ga Janairu 2021, a Combangu da Zarumdarai, an kashe mutum wajen ɗari a yini guda. Ranar 15 ga Maris na shekarar aka tare masu dawowa daga kasuwar Banibangu, aka kashe mutum 58. Daga Abala zuwa Sanam akwai gidajen da aka bar hatsi a gona aka gudo. Naki abin bai wuce ba tukuna, balle a ce ki sake shi. Duk wanda ya zo miki kwana uku da rashi yana cewa ki yafe, ki dubi gaba, ko wane littafi ne a hammatarsa, ki ba shi ruwa ya sha ya kama hanya. Abokan Ayuba kwana bakwai suka zauna da shi a ƙasa ba su ce uffan ba, kuma abin kirkin da suka yi ke nan kaɗai, da suka buɗe baki suka ɓata. Zabura ma da muke rerawa cike take da kuka da kai ƙara wurin Allah, wasu surorin har da fushin da fasto kan tsallake in yana karatu.

Ki tuna Yusufu, labarin da ni da Malam muka yi tarayya a kansa. Littafin Farawa ya ba da shekarun. Yana da 17 'yan'uwansa suka sayar da shi, yana da 30 ya tsaya gaban Fir'auna, aka yi shekara bakwai ta ƙoshi, yunwa ta ci shekara biyu, sannan ya bayyana musu kansa. Shekara 22 ke nan. Ko da yunwa ta koro su wurinsa bai rungume su a ganin farko ba. Ya yi musu magana da kaushi, ya tsare ɗayansu, ya sa aka ɓoye ƙoƙonsa a buhun Biliyaminu don ya ga ko mutanen nan sun sauya ko kuwa za su sake sayar da ƙane. Sai da Yahuza ya ce a riƙe shi a madadin yaron, sannan Yusufu ya fashe da kuka. Bai rama ba, hatsi ma ya ba su tun zuwan farko har da mayar musu da kuɗinsu, amma bai miƙa musu wuyansa ba sai da ya gwada su. Yafewa daban, amincewa daban, alƙali kuma da nasa aikin. Wanda ya yafe bai riƙe hannun jandarma ba.

Na ji ka, mai tabarau. Ka ce labaran dā ne, ku an taɓa gwada ku? An gwada mu. Ranar 16 ga Janairu 2015 a Damagaram, kashegari a Yamai, saboda wani zanen ɓatanci da aka buga a Paris wanda ba Kiristan Nijar ko ɗaya da ya riƙe alƙalaminsa, aka cinna wa majami'u wuta. 'Yan sanda sun ƙirga 45 a Yamai kaɗai, mutum goma suka mutu a garuruwan biyu. Shugabannin ikilisiya suka fito suka ce sun yafe. Ban ce kowane Kirista ya yafe a ransa a makon nan ba, baki kan riga zuciya isa. Za ka kuma ce ai ba mu da yawan da za mu rama, gaskiyarka, rashin ƙarfi ba yafiya ba ne. Sai dai mara ƙarfi ma yana da hanyar ramuwa, ta 'ya'yansa, da abin da yake gaya musu da dare. A nan ake gane wanda ya saki: shin yaron ya tashi da labarin masu jarkar fetur kaɗai, ko an haɗa masa da na maƙwabta Musulmi da suka buɗe ƙofa suka ɓoye iyalai a ɗakunansu? Duka biyun sun faru. Wanda ya ba ɗansa rabi ya yi wa kumandan sirdi ne a kan yaron.

A jiharmu ta Tilaberi kuma, daren 17 ga Satumba 2018, aka sace limamin Katolika Pier Luigi Maccalli a Bomoanga. Sai Oktoba 2020 aka sako shi a Mali, bayan fiye da shekara biyu cikin sahara, sau da yawa da sarƙa a ƙafa. Ya fito ya ce a fili ya yafe wa waɗanda suka tsare shi. Ya kuma zauna ya rubuta littafi ya faɗi abin da suka yi masa, har da sarƙar.

Yanzu ku 'yan'uwana Kirista, da kuke ta gyaɗa kai kuna jin daɗi ana taɓa wasu, ku matso, naku ya zo. Kowane daren 31 ga Disamba sai an buɗe wasiƙar Bulus zuwa ga Filibiyawa, sura 3, inda yake maganar barin abin da ke baya da miƙewa zuwa abin da ke gaba. A tafa, a yi guɗa, zumuntar mata su ɗauki waƙa. Kun taɓa komawa sama kaɗan kun karanta abin da ya lissafa? An yi masa kaciya rana ta takwas, kabilar Biliyaminu ce tasa, Ba'ibrane tsantsa, Bafarisiye mai riƙon shari'a. Takardar asali ce ya karanto, irin wadda maroƙi ke karanta wa ɗan sarki, ya ce shara ya ɗauke ta. Laifinsa kuwa, cewa ya tsananta wa ikilisiya, yana tsaye aka jejjefe Istifanas, bai taɓa binne shi ba, a gaban taro ya faɗa, a gaban sarki Agaribas ya ba da labarin farautar da ya yi wa masu bi, a wasiƙu ya maimaita. Mu kuwa a juye muka ɗauko abin. Laifinmu muke mantawa tun kafin a fita majami'a, asalinmu muke riƙewa da haƙori.

Wannan kuwa ba na Kirista kaɗai ba ne, Malam, dawo ka zauna. A Kurfai, a Imanan, a Tondikandiya, yaro ya ga yarinya, ta gan shi, sai tsofaffi su shiga ɗaki su rufe. Ba sallarsa ake bincike ba, ba sana'arsa ba. Kakan kakansa ake tonowa: ɗa ne ko bawa, maƙeri ne ko mahauci, wa ya kamo wa a wane yaƙi. Nijar ta mai da bauta laifi a dokar 2003. A Oktoba 2008 kotun ƙasashen Afirka ta Yamma ta zauna a Yamai ta ba Hadijatou Mani gaskiya, ta ce ƙasa ta biya ta sefa miliyan goma don ba ta kare ta daga bauta ba. Ƙungiyar Timidria na wannan gwagwarmaya tun 1991. Duk da haka a ɗakin tsofaffin nan ba doka ke magana ba. A Tukunus ana rubuta asalin shanun azawak, wace saniya ta haifi wace, wane bijimi ne uba, kuma da dalili, madara ake nema da cuku. To asalin ɗan Adam fa, me ake tatsa a ciki? Abin da ya fi ba ni dariya, tsohon da ya hana auren saboda wani hari da aka kai tun kafin zuwan Nasara, shi ne in ka tuna masa gonar marayun da ya haɗa da tasa bara waccan zai ce maka haba, ai abin da ya wuce ya wuce.

Mu ma da ƙarancinmu mun samu yadda muka ƙirƙiro namu sarakuna. Akwai mai gaya maka kakansa na cikin waɗanda aka fara yi wa baftisma a Tsibiri, ko kakarsa ta yi aiki a asibitin Galmi tun da aka buɗe shi a 1950, don haka wanda ya tuba jiya ya nemi benci a baya, 'yarsu kuma ba sa'arsa ba ce. Alhali cikin Littafin da ke hannunsa akwai 'yar gajeriyar wasiƙa zuwa ga Filimon, inda Bulus ya mayar masa da bawansa Unisimas ya ce ya karɓe shi a matsayin ɗan'uwa. Shafi ɗaya ce tak, shi ya sa take da sauƙin tsallakewa.

Kakanninmu ma ba su jahilci wannan aiki ba. Bafillace da Ba'are, Bagobiri da Bazabarme, su haɗu a kasuwa wannan ya ce wa wancan bawana, wancan ya tono masa abin kunyar kakanni, a yi dariya a rabu, gobe in faɗa ya tashi su ne masu shiga tsakani. A 2014 UNESCO ta sa wasan taubasantakar Nijar cikin kayan gadon duniya, mu kuwa tun kafin a haifi UNESCO muke zagin juna lafiya lau. Ba a manta komai ba a wasan nan, komai ma faɗinsa ake da ƙarfi a bainar jama'a, sai dai ba mai zare takobi.

Saura kai, dattijon ikilisiya mai muryar da ta fi ta kowa a waƙa. Damina na tafe. Gambar da ke iyakar gonarka da ta ƙanenka ta matsa taku biyu a shekarar da mahaifinku ya rasu, gamba kuwa ba ta da ƙafa. Ban san wa ya matsar da ita ba, kai ka ce shi ne, shi ya ce kai ne, matanku sun daina aron turmi, 'ya'yanku na wuce juna a hanyar lakwal ba gaisuwa. Kowace Lahadi kuma kana karanta Addu'ar Ubangiji, kana roƙon Allah ya yi maka daidai da yadda kake yi wa masu yi maka laifi. Na lura in an zo wurin nan tari kan kama ka. A Matiyu sura 5 an ce in ka kawo baiko ka tuna ɗan'uwanka na da magana a kanka, ka ajiye baikon, ka je ku shirya tukuna. Lura, ba a ce in kai ke da magana a kansa ba, an ce in shi ke da ita a kanka, don haka hujjar nan taka ta cewa kai ba ka riƙe kowa ba ba ta shiga ba. Ma'ajin ikilisiya zai ji haushina, don in aka bi wannan ƙa'ida kwandon baiko zai yi mako uku yana shan iska. Ya yi haƙuri. Gonar na bayan gari, ƙanen naka da asuba yake fita sassabe, kafin rana ta yi zafi za ka same shi. In kana jin nauyin zuwa kai kaɗai, ɗauki taubashinka ku tafi, zai zage ku ku biyun tas har ku rasa wanda zai fara yin fushi.